Takwaran Mista Barinton

A Malumfashi akwai wani mai aski da ake kira Nalado, wanda Allah ya jarrabe shi da son wani dandalin sada zumunta mai suna Halo-Halo. Son dandalin ma da sauƙi, don rabin matasan unguwar a can suke wuni. Abin da ya fi ƙarfin magani shi ne son da yake yi wa Baturen da ya ƙirƙiro shi, wani wai shi Mista Barinton. Hotonsa ne manne a saman madubin shago, inda sauran masu aski ke manna 'yan ƙwallo. In ka zauna a kujerar Nalado, kafin ya gama maka gefe guda ka ji yadda Barinton ya tashi maraya, yadda ya fara aikin a bayan shagon wankin kawunsa, da yadda wai har yau da kansa yake dafa shayinsa. Ka yi kuskuren cewa "Allah sarki", to ka ja wa kanka, ɗaya gefen sai bayan La'asar. Mutane suka koma ce masa Na-Barinton don tsokana, shi kuwa daɗi ma yake ji.

Ana haka matarsa Ramlatu ta haihu, namiji. Mahaifin Nalado, Malam Ɗayyabu, tsoho ne mai ƙarancin magana, jikokinsa duk mata, kuma ya daɗe yana jiran ranar da za a yi masa takwara. Bai ce wa kowa komai ba, don ba a roƙon irin wannan da baki. Amma ya ba da ɗinkin sabuwar riga, ya kuma fara tsayawa yana gaisawa da mutanen da a da hannu kawai yake ɗaga musu. Matan gida har sun fara kiran jariri Abba. Nalado da kansa ya yi wa yaron huɗuba, duk wanda ya tambaye shi sunan sai ya yi murmushi ya ce a bari sai ranar. Kowa ya ɗauka kunyar faɗin sunan uba ce. Ashe ba kunya ba ce.

Ramlatu kaɗai ya faɗa wa, ana gobe suna. Ta ɗauka wasa yake, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga shi bai yi dariya ba, sai ta ce masa ita ba ta sha wahalar naƙuda don ta haifi Barin-tuwo ba, kuma ya ji tsoron Allah ya tuna da tsohon nan. Nalado ya ce mata rashin wayewa ke damunta, nan gaba duk unguwar za su kwaikwaye shi. Ta juya masa baya ta ci gaba da ba yaro nono.

Ranar suna da sassafe ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, goro da dabino na zagayawa, rago na ɗaure a jikin darbejiya, maroƙi ya gyara murya yana jiran abin da zai kwarara. Malam Ɗayyabu na zaune kusa da liman cikin sabuwar rigarsa, yana jan carbi kamar bai san abin da ya tara mutane ba. Liman ya miƙo kunne, Nalado ya durƙusa ya raɗa masa.

Liman ya ja baya, ya sa ɗan yatsa ya sosa kunnen, ya ce a maimaita. Dama jinsa ya ɗan yi nauyi. Nalado ya maimaita. A karo na uku sai da ya ɗaga murya, har masu tsaye a bakin titi suka ji. Sai ragon ya saki kuka. Maroƙi ya buɗe baki ya mayar ya rufe, don bai ga ta inda zai kama kirarin ba.

Liman ya ce shi dai ya ɗan taɓa karatu, amma bai ci karo da wannan suna ba, ko cikin annabawa ko cikin sahabbai, ko wani shehi ne na can Yamma? Nalado ya saci kallon mahaifinsa, ya ga carbin ya tsaya cak. Nan ya ji kunya ta ɗan taɓa shi, amma da ya tuna yadda zai ɗora hoton jaririn a Halo-Halo, Barinton ya gani ya ji daɗi, sai kunyar ta gudu. Ya miƙe tsaye ya shiga jawabi. Ya ce wannan bawan Allah ya haɗa zumuncin duniya kyauta, ya sada shi da abokin firamare da ya ɓata a Fatakwal, ya sa har mutanen Indiya na yaba askinsa.

"To shi ya san ka?" in ji liman.

"Sosai ma, Allah gafarta Malam. Duk shekara sai ya aiko mini da barka ranar haihuwata, har da balan-balan. A gidan nan wa ya taɓa tunawa?"

Wani ƙanen mahaifinsa ya ce ai ba ranar haihuwarsa ba ce, hedimasta ne ya yanka musu ɗaya ga Janairu su duka ajin. Aka fara 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Nalado ya ji an taɓa masa gwani, idonsa ya rufe. Ya zaro waya, ya buɗe dandalin, ya durƙusa ya kai ta har gaban hancin tsohon.

"Baba, duba nan da kanka. Kullum na tashi da safe, kafin kowa ya ce mini ina kwana, sai na tarar ya rubuto mini: ‘Me kake tunani, Nalado?’ Mutumin da duniya ke jira, amma sai ya tambaye ni. Kai tun da ka haife ni ka taɓa tambayata me nake tunani?"

Malam Ɗayyabu ya dubi wayar, ya dubi ɗansa. Ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa, ya juya wajen liman a natse.

"Malam, yanka ragon nan, sunan yaro Ɗayyabu. Wancan bawan Allah bai san Nalado ba ne, shi ya sa yake tambaya. Ni da na haife shi na san babu."