Rasuwar 'Yar Ja, Jitar da Ta Bi Muryar Yaya Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin taɓawa, makaɗin ƙungiyar nan da ke gwajin waƙa a bayan shagon mai faci yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar jitarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Ja. Ta cika ranar Talata da la'asar a hannun Yayansa, mawaƙin ƙungiyar, ana tsakiyar shirin wasan da manajan otal zai saurara ranar Asabar, ya yanke ko zai ci gaba da riƙe su.

Marigayiyar jita ce irin ta kowa, wuyanta daidai, muryarta garau. Ta sha rana a bayan babur, yaran gida sun yi ganga da cikinta, ba ta taɓa riƙe kowa a rai ba. In aka shafa ta, "tirin" kawai take cewa.

Ciwon ajalinta ba a jikinta ya fara ba. Bayan an yi wa Yaya aiki a maƙogwaro, muryarsa ta dawo, amma ba ta koma inda ta saba zama ba. Ranar da ya fara gwaji, ya kai wurin da waƙa ke hawa, muryar ta tsage. Makaɗin ya duƙa, ya ce laifin jita ne, ya sassauta tsirkiyoyinta kaɗan. Aka sake, Yaya ya haye lafiya.

"Kun ji ko?" in ji Yaya. "Na ce muku tana nan."

Tun daga ranar makaɗin yake riga kowa zuwa, ya ƙara sassautawa. Muryar Yaya tana sauka, 'Yar Ja tana binta a asirce. Mai ganga ya gane, ya kama bakinsa.

Sai dai jita mai wuya irin nata tana da iyakar inda take sauka. Tsirkiyoyin suka yi sako-sako kamar igiyar shanya, "tirin" ya koma "zirrr". Makaɗin ya kai ta wurin mai gyara.

"Wannan ba aikinta ba ne," in ji mai gyara. Ya nuna wata a rataye. "Ga jitar baritan can. Wuyanta ya fi tsawo, don ƙasa aka ƙera ta. Ka sauka yadda kake so, tsirkiya tana nan a ɗaure, sauti bai caɓe ba. Ɗauka ka gwada."

"Yaya zai ga wuyan."

"To shi Yayan naka kurma ne da bai ji ba har yau?"

"Mawaƙi ne."

Mai gyara ya girgiza kai. Ya sa mata tsirkiyoyi masu kauri, ya faɗaɗa musu mazauni, sannan ya ja masa kunne: a ƙasa za su zauna lafiya, amma duk wanda ya ɗaure su ya mayar sama, sai sun fizge jakin da ke riƙe da su daga jikin katakon.

Ranar Talata otal ya turo mai fiyano, don manaja yana son a haɗa da shi. Bawan Allah bai san komai ba. Ya saurari tsoffin waƙoƙinsu a waya, ya buga su a inda suke tun asali. Fiyano a sama, jita a can ƙasa.

"Kawo nan, ƙanena," in ji Yaya yana dariya. "Kunnenka ya riga nawa tsufa."

Ya ɗora ta a cinya, ya kama murɗa kunnuwanta masu ɗaure tsirkiya. Makaɗin yana tsaye. In ya hana, sai ya faɗi dalili, a gaban baƙo. Tsirkiya tana hawa, katako yana cewa "ƙiiƙ". Mai ganga ya ajiye sandunansa a hankali.

"Yaya," in ji makaɗin.

"Mene ne?"

Makaɗin ya dubi mai fiyano, ya dubi ƙasa. Yaya ya ƙara murɗawa.

Kalmarta ta ƙarshe "ƙwas" ce. Jakin ya tashi haɗe da ɓallin katako, ya bugi ƙofa.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya kama tsirkiya guda, ya murza kaurinta tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa.

"Tun yaushe?"

"Tun asibiti."

Ya ajiye gawar a kan benci da hannu biyu, ya ɗauki hularsa, ya fita. Bai sake amsa wayar kowa ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatinta da maɗaurinsa ya lalace, da maratayin kafaɗa wanda matar Yaya ta ɗinka, da mai fiyano da har yanzu yake ba kowa haƙuri bai san laifinsa ba. Ta kuma bar ƙungiya da ke da wasa ranar Asabar, ba jita, ba tabbacin mawaƙi.

Za a kai ta makwancinta gobe Juma'a da hantsi, a saman kabad ɗin mai gyara, wanda ya duba ta ya ce ba ta ɗinkuwa. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce wa Yaya muryarsa tana nan kamar dā, don zai zo. Matarsa ce ta kawo saƙon da safiyar yau, ta faɗa daga bakin ƙofa ba ta zauna ba: a ce wa ƙanensa ya taho da mai dogon wuyan, amma kada ya taɓa kunnuwanta a hanya. A gabansa za a ɗaure ta, shi zai ja baki, ita ta bi.