Ranar da Na Sa Aka Share Layi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar wata Laraba a Matameye, ko da Allah ya ja kwanana har na fara manta sunayen jikokina. Shekara ta biyu ke nan a jere da damina ta yi mana rowa, sojoji ne ke riƙe da ƙasa, ni kuma ina da shekara ashirin da uku, da takardar gama makarantar koyon mulki, da farar kwat guda ɗaya, da cikakken yaƙini cewa babu abin da ya rage wa ƙasar nan sai isowata.

An turo ni biron kwamanda, mai mulkin gundumar (ni "ma'aikata" nake cewa, ina kuma gyara wa duk wanda ya ce biro, har da kwamandan kansa sau ɗaya), aka danƙa mini aikin katin iyali. Mai gida ko wakilinsa zai zo, in rubuta sunansa da garinsu da yawan bakunan da yake ciyarwa, in buga hatimi. Mai kati zai sami jar dawar taimako idan motoci suka iso, marar kati kuwa zai koma gida da buhunsa a naɗe. An sanar cewa da faɗuwar ranar Laraba za a rufe rubutu. Yawancin masu zuwa mata ne da tsofaffi, domin majiya ƙarfi sun tafi cin rani Kano da Katsina, kuma ranin ya ƙi ƙarewa balle su dawo.

Dole in faɗi gaskiya: a makonni ukun farko jikina ne kawai ke Matameye. Ta tagar da nake aiki ina hango sararin sama fari fat, babu ko ɗigon girgije, sai in shiga zana ma'aikatar da nake so a kansa. Ina ganin bencina masu shuɗin fenti, kowa na zaune da lambarsa a hannu, jama'a na gangarowa a natse kamar ruwa a cikin lambu. A wasu ranakun har ruwan sama nake ji yana sauka a kan kwanon rufinmu, ana karanta sunana a rediyo, mahaifiyata na sauraro tana yi kamar ba ta ji ba. Sai alƙalami ya ɗiga tawada a kan katin wani bawan Allah, in farka.

Idan na sauko da idona ƙasa kuwa, abin da nake gani yana ɓata mini rai. Babu layi. Mutane na kwance a ƙarƙashin itatuwan gawo, kowa da inda ya ga dama. Ɗan aiken kwamanda, wani tsoho mai suna Baba Sanda wanda ya fara aiki tun zamanin Nasara, shi ne ke fita tsakar fili kansa a sunkuye, yana jan sanda a ƙasa, ya kira suna, wani ya taso daga inuwa. Na yanke hukunci a zuciyata cewa son kai ne, 'yan uwansa da surukansa yake zaɓa. Filin kuma cike yake da tarkace: sakaina, tsingaro, ƙwallon goruba, tsohon takalmi ƙafa ɗaya, guntun igiya, tun daga bakin tagata har katanga. (Na lura a jere suke. Na ɗauka iska ce ta jera su. Mai takardar makaranta ne ya yi wannan tunanin.)

Ranar Talata aka ce gobe wani hafsan soja mai muƙamin kapiten zai zo daga Damagaram ya duba yadda aikin ke tafiya. Na ji a jikina cewa ranata ta zo. Na nemi izinin kwamanda in kawo sabon tsari, ya ce in yi abin da na ga dama muddin ba za a ji hayaniya ba. Na yanka takardu ƙanana guda ɗari biyu, na rubuta lamba a kan kowace da mafi kyawun rubutuna. Baba Sanda kuma na tura shi gidan kwamanda ya kula da abincin baƙo, don kada ya tsaya mini a hanya.

Laraba da sassafe, kafin a buɗe ƙofa, aka kawo 'yan kaso uku masu shara. Na nuna musu filin na ce a kwashe komai. Wani dogo a cikinsu, wanda aka ɗaure saboda satar raƙumi, ya jingina da tsintsiyarsa.

"Mushe, har da waɗannan?" (Mushe, wato "malam" da Faransanci, haka ake kiran ma'aikaci.)

"Har da su. Shara ai shara ce."

"To," in ji shi. "Ni raƙumi ɗaya na ɗauka aka ba ni shekara biyu. Kai Allah ya sa a yi maka sauƙi."

Na ɗauki maganar a matsayin rashin tarbiyya irin ta 'yan kaso. Suka share, suka zuba a juji bayan katanga. Filin ya yi sumul, sawun tsintsiya a kan rairayi kamar zanen lalle. Na tsaya ina kallo har idona ya kawo ruwa.

Da aka buɗe ƙofa na raba lambobi ga waɗanda suka fara shigowa, wato mutanen cikin gari da suka kwana a ɗakunansu suka karya kumallo. Mutanen ƙauyuka, masu kwana a rumfunan kasuwa da zaurukan mutane, a hankali suka iso, suka karɓi lambobin ƙarshe ba tare da sun duba su ba. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon ƙasa. Babu wanda ya tafi inuwa. Na fassara shirun da cewa kwarjinin tsari ne.

Motar kapiten ta iso da hantsi. Gajere ne, siriri, Hausarsa ba ta da ado ko kaɗan. Na gabatar da jawabin da na haddace, inda na ambaci adalci sau shida da nagarta sau huɗu, na kuma bayyana cewa daga yau an binne son kai a wannan ma'aikata. Sannan na ɗaga murya: "Lamba ta ɗaya!" Wani tela da shagonsa ke kallon ƙofarmu ya taho yana gyara hula.

"Ɗan nan."

Wata tsohuwa ce, ƙarama, mayafinta ya koɗe har ba a gane launinsa. Daga baya na san sunanta Iya Habi, daga wani ƙauye a bayan Kurni, da jikoki biyar a hannunta.

"Ɗan nan, ina ƙahona?"

"Iya, wane ƙaho kuma?"

"Ƙahon akuyata. Ita ce ta ƙarshe, da ta mutu na cire shi. Ranar Lahadi na ajiye shi can gindin katanga, kullum ina matsar da shi. Jiya da aka tashi, a nan na bar shi." Ta nuna gindin tagata da ɗan yatsan ƙafa. "Yau ni ce ta fari."

Na dubi takardar da ke hannunta, a juye ta riƙe ta. Ɗari da sittin da uku. Ni kuwa na san hannuna bai taɓa wuce kati tamanin a yini ba.

A lokacin ne filin ya buɗe baki. Wannan na neman sakainarsa, wancan takalminsa, wata na rantsuwa cewa tsingaronta ne na huɗu. Abin da kowane jaki a Matameye ya sani, sai a lokacin ya iso kaina: mai yunwa ba ya iya tsayuwa a rana kwana uku, saboda haka yakan ajiye wani abu nasa ya tsaya masa, shi ya koma inuwa. Tarkacen nan su ne layin. Baba Sanda ba surukansa yake kira ba, ƙasa yake karantawa.

"Wa ya share?" in ji kapiten.

Ɓarawon raƙumi na gefe. Tsintsiya kawai ya juya, bakinta ya dubi farar kwat ɗina.

Aka kira Baba Sanda, ya zo hannunsa na ƙanshin albasa. Ya dubi filin, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Mushe." (Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.) Kapiten ya tambaye shi ko zai iya mayar da layin yadda yake.

"Ranka ya daɗe, idan an kawo mini kayan."

"Wanda ya sa aka kwashe, shi zai kawo," in ji kapiten.

Haka na zagaya bayan katanga. Jujin ba tarkacen layi kaɗai ke cikinsa ba, akwai toka, akwai kashin jakai, akwai abin da ba zan rubuta ba saboda mutuncin mai karatu. Na tsuguna na tona da hannu, na cika kwandon shara, na ɗauko a ka domin ya fi ƙarfin hannu. Sawu huɗu na yi. Kowane abu sai na ɗaga shi sama na yi shela da muryar nan da ta gama ambaton nagarta: "Jama'a, na wane ne wannan takalmi?"

"Nawa ne, Mushe, ka riƙe shi da kyau, ɗayan yana Kano!"

Baba Sanda na tafe yana jan sandarsa. "Ƙaho a gaba. Sai tsingaro mai baƙin baki. Sai igiyar Malam Idi na Yauri. A'a, Mushe, ba nan ba, bayan goruba." Inda ya yi shakka, jama'a suka cike masa, domin kowa ya san wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Mata biyu suka yi jayayya a kan ƙwallon goruba guda, aka duba aka ga sawun haƙora a jere ba giɓi a gefe, mai giɓi ta janye da kanta tana dariya. Telan nan ya ninke lambarsa ta ɗaya, ya cire hularsa ya ajiye a can ƙarshe.

Kafin layi ya koma daidai rana ta take tsaka, na cinye wa mutane rabin yininsu na ƙarshe. Kapiten ya dubi agogo, ya sa aka fito da tebur biyu, ya zauna a ɗaya, ya nuna wa kwamanda ɗayan. (Kallon da kwamanda ya yi mini a lokacin har yanzu yakan ziyarce ni.) Mu uku muka yi ta rubutu, ba mu tashi ba sai don salla, har aka sallami mutum na ƙarshe rana na gab da faɗuwa.

Iya Habi ce ta fari, a tagata. Na rubuta sunanta da jikoki biyar, toka na zuba daga gashina a kan teburin. Ta karɓi katin ta ƙulle a bakin zane, ta leƙo ta dube ni da kyau.

"Angona, ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba, Iya."

"Ya nuna. Mai ƙoshi ba ya irin wannan aikin. Amma rubutunka da kyau, ba zan sake ka ba tukuna."

Ba a kore ni ba. Kapiten ya ce wa kwamanda a bar ni, wai yanzu na yi tsada, an riga an biya kuɗin karatuna sau biyu. Sai dai har aka canja mini wurin aiki babu wanda ya ƙara kirana da sunan yanka a garin nan. Mushe Shara, haka ake ce mini, har a masallaci.

Ban daina son gyara ba, kuma na gyara abubuwa da dama tun daga lokacin. Amma duk ma'aikatar da aka kai ni, kafin in matsar da ko kujera, sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, in gaishe shi da kyau, in tambaye shi abin da kujerar take yi a nan. Matata kuma har yau ba ta gane dalilin da ya sa, idan na tarar da dutse a tsakar gidana, nake kewaye shi in tambayi mai shi ba.