Buhun Bakin Ƙofa

Kai mai karatu, yau da hantsi kana Titin Koudoukou lokacin da motar nan mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar shagon Malam Nasidi ɗan sari. Sai ka sunkuya kana gyaran takalmin da bai tsinke ba. Na gan ka.

Tun da sojoji suka yi bore motocin Kamaru suka daina shigowa, gishiri ya yi wuya a unguwarmu ta Kilomita Biyar. Malam Nasidi kuwa yana da al'ada: duk kayan da aka sauke masa, buhu ɗaya ba ya shiga sari. A bakin ƙofa yake farke shi, matan unguwa su auna da gwangwani. Yanzu wannan buhun gishirin kaɗai ya rage.

Inno Zaituna mai tuwon bakin kasuwa ta zo da kwanonta, ta tarar direban Mai Girma Uban Tanadi ya riga ta.

"Patron ya ce a loda duka," in ji direban, yana nufin maigidansa.

"Ai kun kwashe duka shekaranjiya," in ji Malam Nasidi.

"Har da na ƙofa, Baba. Tsoro yake kada ya faɗa hannun masu ɓoye kaya."

Inno ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, gidan naku mutane ne a ciki ko shanu? Shanun ma lasa suke yi."

A yaba wa Mai Girma. Shi ne ya roƙi talakawa a rediyo kada kowa ya sayi abin da ya wuce buƙatarsa, kuma don ya sauƙaƙa mana biyayya ya saye komai. Mutum ne da bai san ɗai-ɗai ba. Motocinsa sari, surukansa a ofis sari, alkawari kuwa tirela guda yake saukewa.

Malam Nasidi ya tattara rigarsa ya zauna a kan buhun, ya ce a dawo gobe. Direban ya ce zai dawo, amma da masu kaki. Dattijon nan ba shi da nauyi. Mutum biyu sun isa su ɗauke shi har da abin da yake zaune a kai.

Saboda haka gobe, da an idar da sallar asuba, ka ɗauko gwangwaninka, ka buga wa maƙwabta ƙofa. A farke buhu a auna kafin motar ta iso. In direban ya zo, kada a hana shi. Ya bi layi bayan Inno.