Murjanatu da Farfesa Ja-Biro

A cikinmu mu shida da muka yi digiri na biyu a sashen lantarki, Murjanatu ce kaɗai ta zaɓo wa kanta wahala da hannunta. Mu sauran mun ɗauki ɗan aikin da mutum zai yi ya wuce, ita kuwa ta ce sai ta kwaikwayi cikin taransifoma a kwamfuta. Akwai manhajar da ake zana wayoyi da ƙarfe a ciki, a gaya mata irin ƙarfin maganaɗisun da ke ratsa su, ita kuma ta nuna wutar da za ta fito. Matsalar ita ce ƙarfin nan ba ya zama wuri ɗaya, hawa yake yana sauka sau hamsin a sakan guda, kuma dole ka shigar wa manhajar da jerin lambobin da ke nuna yadda yake canzawa daki-daki. Ni dai sau ɗaya na leƙa allon nata, kaina ya sara, ban sake ba.

Ranar kare kundi aka gayyato mana wani farfesa daga wata jami'a, wanda ɗalibai ke kira Ja-Biro a bayan idonsa saboda jan biron da yake gyara da shi. Mutumin nan idan ya duba aikinka bai sami kuskure ba, ji yake kamar an zage shi. Murjanatu kuwa hutun karatun da aka ba ta a wurin aiki a watan nan zai ƙare. In Farfesa ya ƙi sa hannu sai baɗi, kuma ba wanda zai ƙara mata ko kwana ɗaya. Ni dai na zauna a baya ina kallo.

Ta gama bayani, majigi yana nuna layin wutar da ke fitowa, mai hawa da sauka gwanin kyau. Farfesa ya ajiye cincin ɗin da yake ci, ya karkaɗe hannu.

Ya ce, "Malama, goge jerin lambobin nan naki. Sa mini lamba ɗaya tak, babba, ki bar ta a haka."

Ta goge, ta sa. Layin wutar ya kwanta shame-shame a ƙasan allo.

"To, ga maganaɗisu mai ƙarfi na ba ki. Ina wutar?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, komai ƙarfinsa, in ba ya canzawa ba zai haifar da wuta a waya ba."

Ya yi ɗan gyaran murya. Ya ce ta mayar da lambobinta, amma ta faɗaɗa tazarar da manhajar ke bari tsakanin lissafi da lissafi. Ta faɗaɗa, layin ya fito a karkace kamar haƙoran zarto. Bai ma tambaya ba ta ce masa takun ne ya yi faɗi, manhajar tana tsallake hawa da sauka da yawa ba ta gani, shi ya sa tun farko ita Murjanatu ta yanka kowane sakan gida dubu goma. Dakta Inuwa, malamin da ya duba aikin nata, ya fara murmushi yana gyara hula.

Murmushin nan ne ya ɓata wa Farfesa rai. Ya juya shafukan kundin gaba da baya, biron yana hannunsa a buɗe, ya rasa inda zai ɗora shi. Sai ya jingina da kujera, ya koma wa abin da tsofaffin malamai ke komawa idan tambaya ta ƙare musu.

"Mu a zamaninmu, da fensir da takarda muke wannan lissafin. Mako uku ina kan shafi ɗaya. Ku yanzu sai ku danna maɓalli, ku je ku ci shinkafa ku dawo. Gaya mini tsakaninki da Allah, wa ya yi lissafin nan, ke ko na'ura?"

"Ita ta yi lissafin, ranka ya daɗe."

"Wa ya zana layin?"

"Ita ce."

Dakta Inuwa ya dafe goshi. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ta kai kanta mahauta.

Farfesa ya waiwayi sauran malaman da ke jere a teburin, fuskarsa fal farin ciki. "Kun ji da kunnenku. To ke me kika yi?"

Ta ce, "Ranar da na fara buɗe ta, ranka ya daɗe, ko waya ba ta sani ba. Ni na gaya mata wannan ƙarfe ne, wannan tagulla. Ni na ba ta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Wata takwas tana kawo mini shirme ina mayar mata tana sakewa."

Ya ɗaga takardar sa hannu sama yana kaɗawa. "Duk da haka ita ta amsa. Saboda haka ni kwamfutar nan zan ba digirin, ita ce ɗalibar."

Murjanatu ta juya kwamfutar a hankali ta fuskanci teburin malamai, ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna.

"Na yarda, ranka ya daɗe. Tunda ita ce ɗalibar, ni ce malamarta ke nan. Don Allah a ɗan matsa mini, in zauna kusa da ku mu yi mata tambayoyin tare."