Akawun Ɗin da Ba Mai Shiga

A garin Tsamiyar Dogo an yi wani mutum ana ce da shi Nomau. Ba mahaukaci ba ne, ba ya kuma cutar kowa. Matsalarsa ɗaya ce: duk maganar da aka gaya masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukar ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, to ranar sai dai a kai masa tuwo can. Wannan halin ne ya sa duk shekara in an yi watanda ana jajiberin salla, shi ake danƙa wa kasa nama, don an san ko tsoka ɗaya ba zai karkatar wa kowa ba.

Yana zaune a gidan wansa Malam Haladu, hedimastan firamaren garin, tare da 'ya'yan Malam biyu, Saddiƙa da ƙaninta Bilya. Matar gidan, Uwani, ma'aikaciya ce a ƙaramin asibitin garin, ita ta sayo kwamfutar da ke falo aka haɗa ta da sola. Kowa a gidan an buɗe masa akawun da sunansa da lambar sirrinsa, in ban da Nomau da ya ce shi rediyo ta ishe shi. A akawun ɗin Uwani kaɗai akwai wani gem na noma: a share fili, a yi shuka, a ba da ruwa, a kiwata dabbobi, in kuwa aka yi sakaci shuka ta bushe dabbobi su watse. Ta daɗe tana gina gonar nan da yamma in ta taso daga aiki. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinta za a wuce da ita babban asibiti ta kira Nomau, ta kama yatsansa ta bi da shi kan maɓallan har hannunsa ya riƙe, sannan ta ce, "Ƙaramin miji, ga gonata nan. Kada ka bari ta bushe kafin in dawo, lambar nan kuma kada ka faɗa wa kowa." Ba ta dawo ba. Nomau ya yi kuka kamar kowa, amma da yake ba ta dawo ɗin ba, a wurinsa maganar tana nan daram, kullum bayan la'asar sai ya shiga ya yi ban-ruwa.

Wata rana, bayan an yi sadakar arba'in, Bilya ya matsa wa babansa shi gem ɗin Mama yake so, ga shi a nasa akawun ɗin babu. Malam ya kira Nomau ya ce ya faɗi lambar. Nomau ya ce an hana shi faɗa wa kowa. Malam ya ce ai shi mijinta ne. Nomau ya yi nazari ya ce gaskiya ne, amma ba ta ce ban da Yaya ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, daga ƙarshe aka ɗauko Liman. Liman ya gyara zama ya yi doguwar nasiha a kan yadda abin da mamaci ya bari yake komawa hannun magada. Nomau ya saurara tsaf har ya gama, ya yi godiya, sannan ya tambaye shi ko shi ma yana cikin kowa. Liman ya ce to, ai kowa kowa ne. Nomau ya ce to ya yi haƙuri. Liman ya ɗauki takalmansa. Malam Haladu ya yi ta sababi, amma can cikin ransa daɗi ya ji, don ko sunanta ya hango a gilashin kwamfutar sai zuciyarsa ta karye. Tun daga ranar ma bai ƙara zama gaban kwamfutar ba, ya kwashe aikinsa ya mayar makaranta.

Wata rana Bilya ya faki ido ya shiga akawun ɗin yayarsa, ya cire hotonta ya sa na bunsuru. Gida ya kaure. Malam ya fito ya kafa doka cewa daga yau kada wanda ya ƙara leƙa akawun ɗin wani, Nomau kuma shi ne mai tsaro. To shi Nomau mai gona ce ta wakilta shi, shigarsa ba laifi, amma ya zai yi da idon mutanen da ke giftawa ta falo? Sai ya ɗauko bargon sanyi, a tsakiyar bazara, ya lulluɓe kansa da gilashin gaba ɗaya. Kullum haka zai shiga, ya fito sharkaf kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Saddiƙa ta zo ta tsuguna a gefen bargon ta ce, "Baffa, ba wasa zan yi ba, gonar Mama kawai zan gani." Nomau ya ji tausayinta har ya yi hawaye a cikin bargo, amma ya ce Yaya ya ce kada a leƙa. Ba a dai hana ji ba, don haka ya riƙa ba ta labari daga ciki: masara ta yi goyo, farar saniya ta haihu, akwai wani ɗan akuya da ya ishe shi da tsallake shinge. Haka take zama kullum tana sauraron kukan shanun mahaifiyarta ta cikin bargo.

Wata rana yaran suka tashi da rigimar wa zai fara zama gaban kwamfutar. Malam yana sauri zai fita, ya juyo ya ce, "Nomau, don Allah raba musu abin nan daidai in huta." Ai kuwa an zo fagen da Nomau ya fi ƙwarewa. Ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya zare wayoyi, ya ajiye gilashi a kashi ɗaya, akwatin kwamfutar a ɗaya kashin. Ya jinjina su ya ji akwatin ya fi nauyi, sai ya ƙara wa gilashi maus da doguwar waya. Kibod ce ta so ba shi wahala, don ɗaya ce tal, sai ya kawo wuƙa ya riƙa ɓanɓaro maɓallan, ɗaya nan ɗaya can, dogon na ƙasa kuwa ya ajiye shi gefe a matsayin ladan mai rabo. Ya sa kowanne yaro ya kawo tsinkensa kamar yadda ake yi a watanda, ya tare wata mai tallan manja da ke wucewa ta ɗora tsinkayen a kan kashi. Gilashi ya faɗa wa Bilya, akwati ya faɗa wa Saddiƙa, kowa ya kinkimi nasa ya yi ɗaki, ba mai ƙorafin an zalunce shi. Sai da aka kira la'asar Nomau ya tuna da ban-ruwa. Ya leƙa gilashin Bilya ya ga baƙi ƙirin, ya kara kunne a akwatin Saddiƙa bai ji ko kukan kaza ba. Hankalinsa ya tashi, ya shiga zarya tsakanin ɗakunan biyu yana roƙon kowa ya ara masa rabonsa. Saddiƙa ce ta mayar da wayoyin, maɓallai kuwa aka cusa su duk inda suka shiga. Nomau bai damu ba, don shi dama ba harafi yake dubawa ba, yatsansa ya san hanya. Ya tarar da shukar ta fara langaɓewa, ya ceto ta da ƙyar. Malam da ya dawo ya ga kibod ɗin, riƙe kai kawai ya yi ya ce a nemo mai gyara.

Wata rana mai gyaran ya zo daga birni a kan babur, wani mutum ana kiransa Ɗanliti. Ya mayar da kowane maɓalli gurbinsa, ya ji labarin gem ya yi dariya, ya ce ai wannan ba abin kiran Liman ba ne. Nan take ya sake sa gem ɗin ta yadda kowane akawun zai iya buɗe shi, sai dai kowa da sabon filinsa zai fara, fili fetal ba ko ciyawa. Nomau ya duba ya ce to an ba kowa gayaunarsa, ina gandun gida? Aka yi masa dariya, aka aike shi sayo wa baƙo fura. Bilya ya hau sharar filinsa da murna. Saddiƙa ta buɗe nata, ta ɗan kalle shi, ta rufe. Nomau yana wajen mai fura Ɗanliti ya ce kwamfutar ta yi nauyi, in akwai akawun ɗin da ba a amfani da shi gara a goge, amma su sani duk abin da ke ciki zai tafi. Malam ya ce akwai, ya dawo ran kasuwa. Saddiƙa ta gane wanda ake nufi. Ba ta iya musa wa babanta ba, ta tashi ta shige ɗaki, abincin ranar ma ba ta ci ba.

Wata rana, ranar kasuwar ke nan, Malam ya ƙirƙiro wa kansa tafiya ofishin ilimi don kada a yi abin a gabansa. A bakin ƙofa ya tsaya zai bar wa Nomau saƙo, sunan ya ƙi fita daga bakinsa. Sai ya ce, "In mai gyara ya zo, ka nuna masa akawun ɗin da ba mai shiga yanzu ya goge." Ya hau babur ya tafi. Ɗanliti ya zo ya kunna, sunaye huɗu suka fito, kowanne da hotonsa. Nomau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na Bilya, sai an ja shi da ƙarfi yake tashi. Na Saddiƙa, a nan take aikin makaranta. Na Uwani, ko jiya shi da kansa ya shiga. Ya ɗora yatsa a kan na huɗun. Ɗanliti ya ce anya kuwa, wannan ai na maigida ne. Nomau ya ce maigidan ne ya ce. Ɗanliti ya kaɗa kai ya goge, ya sha furarsa ya kama hanya.

Malam ya dawo dab da la'asar. Ya wuce falo ya kunna kwamfutar da kansa, ya daure zuciyarsa don ya ga gurbin da babu ita. Sai ga sunaye uku: Uwani, Saddiƙa, Bilya. Nasa ya tafi, tare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da jawabin da ya tanada na ranar raba kyaututtuka. Ya ƙwala wa Nomau kira, yaran ma suka fito. Ya tambaye shi wace irin ɓarna ce wannan, shi ba nasa ya ce a goge ba.

Nomau ya ce, "Yaya, ka ce wanda ba mai shiga. Nata kullum ina shiga. Naka ne ba mai shiga."

Malam ya nemi kujera ya zauna. Nomau ya ga wansa ya yi tagumi, sai ya zaci rashin akawun ne ya dame shi, ya ji tausayinsa ƙwarai. Ya tuna masa cewa a gidan babansu, duk wanda ba shi da gayauna ba a barinsa zaune, gandu yake bi a yi aiki tare. Gonar da ta kai gandu kuwa a cikin kwamfutar nan ɗaya ce. Sai dai akwai dokar hana leƙe, shi kuma ba shi ya kafa ta ba. Yana faɗa yana warware bargonsa, don lokacin ban-ruwa ya yi.

Malam ya dubi Saddiƙa, ya ga yadda idanunta suka kumbura, ya ce, "Ajiye bargon nan. Na janye dokar."

Gonar ta buɗe shar da ita. Nomau bai iya karatu ba, don haka duk tsawon lokacin nan bai san dabbobin suna da sunaye a rubuce a kansu ba. Saddiƙa ce ta shiga karantawa. Farar saniyar sunanta 'Yar Baba, sunan da Uwani take kiran Saddiƙa da shi don ba ta faɗin sunan 'yar fari. Ɗan akuya mai tsallake shinge Bilya ne. Can gindin bishiya ga wani ƙaton sa a kwance yana tuƙa, ba ya huɗa ba ya jan amalanke, an rubuta masa Malam. Malam Haladu ya tuntsire da dariya, dariyar da rabon a ji ta a gidan tun kafin rasuwar, bai gama ba hawaye suka zubo masa, bai kuma ɓoye su ba. A tsakiyar masara akwai mutum-mutumi a tsaye da hular kaba. Saddiƙa ta ce, "Baffa, wannan sunanka ne a kansa." Nomau ya ƙura masa ido, ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce ai mutumin kirki ne, tun da aka kafa shi a nan bai taɓa gusawa ba.

Da Ɗanliti ya sake biyowa ya ce zai buɗe wa Malam sabon akawun, Malam ya ce a bar shi haka. Yanzu in an idar da la'asar su huɗu ne a kan benci ɗaya, Bilya na ba dabbobi abinci, Saddiƙa na shuka, Malam na rigima a kan lallai sai an sa ƙaton san nan aiki. Lambar dai har yau ba wanda ya san ta. Kafin Nomau ya danna sai ya ce kowa ya juya baya, kuma Malam ne yake fara juyawa.