Rasuwar Bulon Katakon Auta

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushi, ni magini, mahaifin Auta, ina sanar da dangi da maƙwabta rasuwar bulon katakon 'yata, waɗanda suka cika a cikin dutsen guga ranar Asabar da hantsi.

Marigayan ba 'yan kanti ba ne. Ragowar katakon rufi ne da kafinta ya yar a wurin aikinmu. Na tsinto, na yanka su daidai hannun yaro, na goge su har babu sartse.

Wanda bai sani ba ya sani: Auta ta wuce shekara uku ba ta magana. Likita ya duba, ya ce kunne lafiya, harshe lafiya, a yi ta mata hira. Amma masu bakin gidan nan, da ba sa gajiya da zancen mutane, babu wanda ya samu lokacinta. Marigayan ne suka zauna da ita a ƙasa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai rugum! Ran nan ginin ya rushe, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ya faɗi." Maganarta ta farko ke nan a duniya.

A hannunsu ta san babba da ƙarami, sama da ƙasa, nawa da naka. A hannunsu ta koyi cewa idan abu ya rushe ba birgima ake yi ba, sake ɗorawa ake yi. Kuma ita da kanta ta gano cewa bulo na sama a kan haɗin biyu na ƙasa yake zama. Akwai ƙattin da nake koya wa wannan a wurin aiki, har gobe sai na rushe musu bango.

Marigayan sun yi doguwar jinya, kuma cutar a cikin gida take. Uwar Auta ce ta fara. Firjinta yana girgiɗi, ta zare ɗaya ta cusa a ƙasa. "Haba maigida, guda ɗaya ne fa, ba za ta lura ba." Ta lura. Ta wuni tana leƙa ƙarƙashin kujeru. Surukata, da girmanta da komai, ta ɗauki wani ta tokare ƙofa don iska. Ƙanena direba ya ɗauke babban cikinsu yana tare taya da shi, domin gyaran birkin hannu ya fi ƙarfin zuciyarsa. Kowa gidan nan idan abinsa ya karkace, kayan yarinyar da ba ta iya kai ƙara yake nema.

Ajali ya zo ta hannun ƙanen matata, wanda muke kira Ɗan Gayu, mai ci a kwanona yana kwana a ɗakina ba aikin fari ba na baƙi. An ɗauke wuta, gawayi ya ƙi kamawa, shi kuma zai goge wando ya je zance. Sai ya faskara abin da ya rage na bulon ya hura a dutsen guga. Da na tsare shi, ko kunya babu, ya ce, "Yaya, itace ne fa kawai. Ai na ba ta wayata ta yi kallo." Wandon ya yi kari, na yarda. Yarinyar da ya je wa zancen ma an ce ba ta fito ba.

Tun ranar Auta ta mayar da bakinta ta rufe. Tana zaune a inda take gini, tana shafa siminti.

Marigayan sun bar guda uku a raye, kuma jiya na ƙwato su da hannuna. Firji ya koma girgiɗi, ƙofa tana bugawa, motar ƙanena kuwa matsalarsa ce. Na ajiye su gaban Auta. Ta jera biyu, ta ɗora ɗaya a kan haɗin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini tafin hannu ta ce, "Baba, saura."

Za a binne tokar gobe da safe a ƙarƙashin tagar Ɗan Gayu, kuma shi zai haƙa ramin, cikin wandon nan nasa. Daga nan zai bi ni wurin kafinta ya yi guga ta gaskiya, har sai sababbin sun yi santsi. Ba a karɓar gaisuwar baki. Mai ta'aziyya ya zo da guntun katako, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya miƙa mata idan ta ce saura.