Ranar da Fati ta jawo ni a bayan jirginta

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiya ba, ko da Allah ya ja kwanana har haƙorana suka ƙare. Duk sanda na tuna sai in yi istigfari tukuna, sannan in yi dariya ni kaɗai, har mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, jirgin ne kuma?"

Ni mutumin Kurgu ne, can na yi karatun allo, can na koyi rubutun ajami. Daga baya aka kira ni limanci a wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Kaoje, na kwashi iyalina muka koma. Mutanen wurin suka karɓe ni hannu biyu, suka ba ni gonar shinkafa a bayan wani ɗan tafki. To ita gonar ba a zuwa sai da kwale-kwale, shi ya sa na je wurin Baba Alu, tsohon ɗan fito wanda ya shekara arba'in yana ƙetarar da mutane, na ce ya koya mini tuƙi.

Kwana tara na yi ina koyo, kuma duk a cikin tafkin nan da ruwansa ke kwance kamar na randa. Kome Baba Alu ya faɗa sai in zaro ɗan littafina in rubuta da ajami: yadda ake riƙe filafili, wato abin tuƙi, inda ake zama, yadda ake juya kan jirgi. Shi kuwa tsohon sai ya dube ni ya ce, "Malam, ka aje alƙalamin nan ka jiƙa hannunka." Ban ji ba. A ganina abin da ya shiga takarda ya shiga kai (haka na saba da karatu, ban san ruwa bai san wannan ƙa'ida ba). Rana ta tara na kai kaina gona na dawo ban kife ba, sai na sallami kaina da kaina.

Ba ni kaɗai ke koyo a wurin Baba Alu ba. Akwai Fati, matar ɗansa marigayi. Daga ƙetaren iyaka aka auro ta, ƙasar Benin, Hausarta ma da ɗan karin harshen Dendi take fita. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da jirgi guda. Aka ce ta sayar da jirgin ta kama sana'ar tuya, ta ce a'a, fito za ta yi kamar mai gidanta. Wata huɗu cur ta yi tana bin surukinta kogi kullum da sassafe, ba tafki ba, kogin Kwara kansa. Ba ta rubuta kome ba. Tafin hannunta dai ya yi kanta kamar na maƙeri.

Da Baba Alu ya yarda ta iya, sai ta fara ɗaure jirginta a mashigi tare da maza. Mako uku tana zuwa, babu mai shiga, in ban da 'yan mata masu tafiya yankan ciyawa. Maza su wuce ta su shiga na wani, ko da kuwa za su jira ya cika har rana ta take. Ita ko ba ta fasa zuwa ba. Ta wanke jirgin, ta kwashe ruwansa, ta zauna a kai tana kallon kogi. Na ji ana cewa surukin ya gaya mata in wata ya mutu ba ta samu mutane ba, to ta haƙura a sayar.

Ana haka sai Alhaji Mamman na ƙauyen da ke can ƙetare ya aiko mini da goro, matarsa ta haihu, ni zan raɗa suna. Ranar sunan ta faɗo ranar kasuwar Lolo. Bayan asuba na ci ado da farar babbar rigata, na naɗa rawani, na nufi mashigi. Ko da na isa, duk 'yan fito sun loda albasa da shinkafa a jiragen inji sun yi Lolo tun da duku-duku. Jirgi ɗaya tak ya rage mai ɗaukar mutane, na Fati. Ga kuma mata wajen goma da dattawa uku tsaitsaye, duk sunan za su, amma kowa na jiran ya ga wanda zai fara sa ƙafa. Lokacin kaka ne, kogi ya cika ya batse, ruwan ja wur.

Fati ta rusuna ta ce, "Malam, an kwana lahiya? Bismilla, shigo in kai ka."

Kowa ya zuba mini ido. Na san sarai in na shiga, duk za su shiga. Kuma kada mai karatu ya zaci wani dalili na addini ya hana ni, don na san babu shi, na karanta. Girman kai ne kawai na naɗa masa rawani. Na ga kamar a ce liman guda, mace, sabuwar hannu kuma, ita ce ta tuƙa shi zuwa wurin suna. Sai na gyara murya na ce, "Allah shi yi miki albarka, Fati. Ai ni ma na iya. Zan kai kaina."

Baba Alu na zaune a gindin wata bishiya yana gyaran komar kamun kifi. Na ce ya ara mini ƙaramin jirginsa. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi kogi.

"Malam, wanga ba tabkin gonarka ba ne."

"Baba, duk abin da ka faɗa yana nan," na dafa aljihuna.

"To, shi littahin ya iya iyo?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, irin ta wanda bai gane da shi ake ba. Mutane suka ja da baya daga jirgin Fati, suka ce sa jira 'yan Lolo su dawo. Na ga fuskar Fati ta sauya. Sai wata tsohuwa, Inna Kulu, ta tattaro zane ta ɗora ƙwaryarta a ka ta ce, "Ni kam na tsuhwa, ko na nutse ba a yi asara ba. Ɗiyata, mu tahi, kada a cinye naman suna." Ta shige.

Akwai wani abu da Baba Alu ya faɗa mini, kuma na rubuta shi da hannuna: in kogi ya cika ba a nufar inda za a je kai tsaye. Sai ka bi gaɓa ka yi sama da nisa, har daidai wata doguwar giginya, sannan ka saki jirgi a karkace, ruwa da kansa ya sauko da kai mashigin ƙetare. Da na ga Fati ta juya kan jirginta ta yi sama tana bin ciyawa, sai na ce a raina, ka gani ko, tsoro take ji. Ga garin Alhaji Mamman can ina hangen rumfar suna, me zai kai ni giginya? Na yi bisimilla na miƙe sak.

Da fari abin ya yi daɗi. Ina tuƙi ina jin iska, har na waiwaya don in tabbata ana kallona (ana kuwa kallo). Da na kai kashi ɗaya cikin uku na kogin, sai na lura rumfar suna ta fara tafiya. Da tana gabana, yanzu ta koma hagu. Na ƙara ƙarfi. Rumfa ta ƙara gudu. Can sai kan jirgin ya juya da kansa, na ga garinmu, na ga ƙetare, na sake ganin garinmu. Ruwa ya fara fantsamowa ciki yana jiƙa mini riga.

A nan ne na yi abin da har gobe ake ba da labarinsa. Na ɗora filafili a kan cinya, na sa hannu aljihu na zaro littafi, wai in duba babin juya kan jirgi. Ina buɗe shafi, jirgin ya karkata, filafili ya sulale ya faɗa ruwa. Na bi shi da ido yana tafiyarsa. Sai ga ni zaune a tsakiyar Kwara, da rawani, da littafi a hannu, ba abin tuƙi. Duk addu'ar da na sani ta shiga jirgi na karanta, na haɗa da ta fita daga gida, har da ta cin abinci ina jin ta shiga ciki. Tsoro na gaske ya kama ni, don ban iya iyo ba, ga babbar riga mai nauyin tsiya. Na yunƙura zan miƙe in yi ihu.

"Malam, zamna! Zamna ƙasa, kada ka tashi!"

Fati ce. Ashe tun daga wajen giginya ta hango ni, ta saki jirginta cikin tsakiyar ruwa inda ya fi gudu, ta biyo ni. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Ba ta kokawa da ruwan, kallon kainuwar da ke yawo a kai take, inda ta bi ita ma ta bi. Ta wuce ni kaɗan ta ƙasa, ta gicciya jirginta, nawa ya zo ya jingina da shi a hankali kamar an ajiye. Ta cafke igiyar kan jirgina ta ɗaure a bayan nata da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da filafili. Tun da aka naɗa ni liman babu wanda ya taɓa daka mini tsawa, kuma ban taɓa bin umarni da sauri kamar ranar ba. Na zauna daɓas a cikin ruwan da ya taru.

Inna Kulu ta juyo ta ce, "Malam, ashe can ƙasa a Yawuri za a yi sunan? Ba ka hwaɗa muna ba." Ta juye goron da ke ƙaramar ƙwaryarta a zane, ta miƙo mini ita. "Ungo, kwashe ruwa, ka samu abin yi."

Mun fita gaɓar ƙetare can ƙasa da gari sosai, don haka sai da Fati ta ɗauki gora ta riƙa tokarawa, muna bin bakin ruwa muna hawowa. Wannan hanya kuwa ta gaban mashigin garin ta bi. Mutanen suna duk sun baro rumfa sun jeru a gaɓa, da wanzami, da mahauci da wuƙarsa, da masu ɗaga waya suna ɗauka. Abin da suka gani shi ne Fati a tsaye, zufa na zuba, tsohuwa a tsakiya tana cin goro, sannan can baya a ɗaure da igiya ga liman, rawani ya zame ya rufe ido ɗaya, yana kwasar ruwa da ƙwarya.

Alhaji Mamman ya tare ni yana danne dariya. "Sannu Malam. Mun ga ka wuce, munka ce ko wani sunan aka kiranka a gaba."

Kafin in buɗe baki Fati ta ce, "Alhaji, filafilin Baba ne ya tsuhwa, santsi garai. Zai iya kuɓuce ma kowa." Ta faɗi haka ba tare da ta dube ni ba, tana kwance igiya. Matar da na kunyata a gaban jama'a ɗazun nan, ita ce ke neman abin da za ta rufe ni da shi. Wallahi wannan ya fi tsawar zafi.

Aka ara mini riga, na raɗa wa yaro suna Usmanu, aka shafa fatiha. Kafin a watse na ce jama'a su dakata. Na ce filafili lafiyarsa lau, ni na sake shi. Na ce an koya mini hanya na ƙi bi, an yi mini tayin jirgi na raina mai shi, kuma in ba don Allah ya kawo baiwar Allah nan ba, da yau suna da jana'iza za a haɗa. Na ce duk mai son ya ƙetare lafiya ya shiga jirgin Fati, ni shaida ne, na gani daga baya.

Da aka tashi komawa, mutanen garin masu zuwa wajenmu suka yi caa a kan jirginta, kowa na son shiga. Ta tsaya ta tare da gora ta ce, "Bakwai nika ɗauka in ruwa ya cika, ko ɗaya ba ni ƙarawa." Wani dattijo ya ce a matsa wa Malam wuri. Ta ce, "Malam shi yi haƙuri, an riga shi." Haka na zauna a gaɓa cikin rigar aro, ta je, ta kwaso matan da na sa suka tsaya a can don su ma su yi barka, ta sake komawa. Sai a zuwa na uku na samu wuri, kusa da wata akuya.

Ba a sayar da jirgin ba. Yau shekara huɗu ke nan tana fito, bara ta sa masa inji, ranar kasuwar Lolo sai ka yi sammako kafin ka samu wuri. Ni kuwa na koyi cewa sabon shiga iri biyu ne: akwai wanda ya san shi sabo ne, yana ta koyo har ya ƙware bai sani ba, akwai kuma irina, da ya yaye kansa a kwana tara. Yanzu in an tambaye ni ko na iya tuƙi, sai in ce na iya zama a jirgi, shi ma sai da aka yi mini tsawa.